Tafinta

Bayan isha'i Kakuri ta yi tsit,
sai janaretan maƙwabta ke ta faman tari.
Na jingina wayata da gwangwanin madara,
na ce, "Baba, ga fim, na wata ƙasa mai nisa."
Ya ce, "Ni da yana ta rufe min ido?
Kai ka kalla, ka ba ni labari."

Haka na zama tafinta.
Su yi yarensu, rubutu ya gilma a ƙasa,
ni in kwaso shi da Hausa in zuba masa a kunne.
"Ga tsoho zaune a bakin taga.
Ga ɗansa ya dawo daga birni, da jaka, da agogo,
sun gaisa kamar masu bin juna bashi."
Baba ya ce, "Uhm,"
ya gyara ƙafar nan mai kumburi.

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa.
Har yau in tari ya turnuƙe shi
sai in ga kamar auduga ce za ta fito.
Jiniyar da ke tashinsa ta daɗe da mutuwa,
amma ƙarfe biyar idonsa biyu,
yana laluben takalmin aiki
da Murja ta kyautar tun bara waccan.

A fim suka zauna cin abinci.
Ba wanda ya ce uffan. Cokula kawai.
Rubutu ya ɗauke, ya bar ni da bakina.
"Me suke cewa, Lurwanu?"

Ban san wanda ya ari harshena ba.
Na ce, "Ɗan ne ke magana. Ya ce:
ka tuna ranar da ka tako keke har makaranta,
da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli a bayan sirdi,
rigarka ta manne da zufa,
abokaina suka ce, wane ne wannan,
na ce wani maƙwabcinmu ne aka aiko?
Ya ce: ka ji ni. Na san ka ji.
Ka miƙo ƙullin, ka ce, mahaifinka yana gaishe ka,
ka juya kan keken."

A waya, mutum biyu suna tauna shinkafa.
Sauro ya zaga kunnena sau uku,
ban iya ɗaga hannu ba.

Baba ya daɗe.
Carbi na hannunsa, amma ba ya ja.
Can ya ce, "Ikon Allah.
Ashe su ma can suna ƙuli-ƙuli."
Na ce, "Suna yi."
"To uban, me ya ce?"
Na duba: tsohon yana goge baki, yana ture kujera.
Na ce, "Bai ce komai ba tukuna."

Ya ce, "Kai dai ba ka iya fassara ba.
Cewa ya yi, hawan gada ne ya gallabe shi ranar,
kaca ta zame sau biyu kafin Tudun Wada.
Ya ce sai da ya koma gida ya ga ƙunshin sukari
a kan taga, inda ya manta shi,
abin da ya hana shi barci ke nan.
Sauran kuwa, ai yaro ne.
Wa ke ƙulla maganar yaro a bakin riga?"

Waya ta yi ƙara ɗaya, caji ya ƙare.
Ba mu ga yadda suka wanye ba.
Duhu ya zauna tsakaninmu, bai takura kowa ba.

"Kama ni in kewaya," in ji shi.
"Gobe ka nemo wani, amma mai ban dariya."
Na sa kafaɗa, ya saki jikinsa duka a kaina.
Wallahi nauyinsa bai kai na ƙullin nan ba.